Wace tsirkiyar jita ce ke jure zafin Damagaram?

Yara a fada kullum tambayarsu ɗaya, wai wace tsirkiya ta fi daɗin sauti, ni kuma na ce ku fara tambayar wadda za ta kai salla ba ta yi tsatsa ba tukuna.

Abu na farko dai, in jitarka ta nailan ce kar ka kuskura ka ɗaura mata ta ƙarfe, wallahi sai ta ɓamɓare katakon da ke riƙe tsirkiyun ko wuyan ya lanƙwashe, ba a ƙera ta don wannan nauyin ba.

To a cikin na ƙarfen, akwai mai lamba 80/20 a kwali, jan ƙarfe kashi 80 tutiya kashi 20, ranar da ka sa ta sautin tas-tas kamar sabon kwano amma fa ba ta daɗewa, ballantana a watan Afirilu da zafi ke wuce digiri 40 hannu na ta zuba gumi, nan da nan ta dushe ta yi baƙi. Ni fosfo buronz nake sa wa tawa, wadda kamfanin D'Addario ya fito da ita a 1974, ita jan ƙarfe ce da aka haɗa da kuza da ɗan fosfo, muryarta ta fi kauri kuma ta fi jure gumi. Ta kamfanin Elixir mai rufin leda ta fi su duka kwana, kuɗinta ne dai sai a hankali, ga jabu ya cika gari, in ɗan saƙo zai kawo maka daga Kano ka ga farashi ya yi araha da yawa to ka san sauran.

Kaurin ma magana ce babba. Saitin tsirkiya mai lambar kauri 12 kaɗai yana jan jita da nauyin kilo 70 da wani abu, ka haɗa da hunturunmu da ke busar da katako har ya tsage, ai 13 zalunci ne ga irin jitocin gwanjon da muke da su. 10 ko 11 ta isa, kuma ita ta fi biyayya ga yatsa in kana son kiɗa irin na mutanen Agadas. Mdou Moctar ma, fitaccen makaɗin jita ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, saboda haka kar wani ya ce min sai da mai tsada.

In za ka aika saye, ka ce a ƙaro maka siririyar ta ƙasa guda biyu ko uku daban, ita ke fara tsinkewa, kuma ka ajiye tsumma busasshe cikin jakar jita kana gogewa duk ka gama kiɗa.