Lambun Arboretum na Derby da Baƙin da Ke Zama a Cikinsa

Duk wanda ya zo Ingila neman abinci yakan daɗe kafin ya samu wurin da zai zauna ba tare da ya biya kuɗi ba. Ɗakin haya yana cin mafi yawan albashi, shagon shan shayi sai ka sayi wani abu kafin ka ja kujera, maƙwabta kuwa mutanen kirki ne amma kowa ya shiga gida sai ya mayar da ƙofarsa. A birnin Derby, inda nake aikin kula da tsofaffi, wurin da ya share mini hawaye shi ne lambun Arboretum, wanda ke dab da unguwar Normanton, inda baƙi suka fi yawa.

An buɗe lambun a watan Satumba na 1840, kuma ana lissafa shi cikin lambunan shaƙatawa na farko da aka keɓe wa jama'ar gari a Ingila. Wani attajiri mai suna Joseph Strutt, wanda danginsa suka yi arziki da masana'antun kaɗin auduga a kwarin kogin Derwent, shi ne ya ba da filin kyauta, eka 11, ya kuma ɗauki John Claudius Loudon ya tsara shi. Loudon ya dasa itatuwa iri-iri sama da dubu, aka liƙa wa kowanne suna, domin wanda ya zo hutawa ya koma gida da ɗan ilimi. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tuddan ƙasa da ya sa aka tara a gefen hanyoyi. Filin ba shi da girma, amma tuddan suna kare wanda ke tafiya a wata hanya daga ganin na ɗaya hanyar, don haka ko an cika sai ka ji kamar kai da iyalinka ne kaɗai. Wanda ya kwana a gidan da ake karɓa-karɓar banɗaki da madafa ya san darajar wannan.

Waɗanda aka yi wa lambun ma'aikata ne, da yawansu sun baro ƙauyuka suka cunkushe a ƙananan gidaje kusa da masana'antu da tashar jirgin ƙasa. Duk da haka, a farko ranakun Lahadi da Laraba kaɗai ake shiga kyauta, sauran ranaku sai an biya sisi, kuma ba a soke kuɗin shigar ba sai a 1882. Hayaƙin masana'antun ya kashe yawancin itatuwan da Loudon ya dasa. Akwai kuma abin da ba na iya kawar da kai daga gare shi a matsayina na ɗan Afirka: audugar da masana'antun Ingila suka dogara da ita a wancan zamani, galibinta bayi baƙaƙen fata ne suka noma ta a gonakin nahiyar Amurka. Ina yaba kyautar Strutt, amma ina ganin wajibi ne a riƙa ambaton waɗannan bayin Allah duk lokacin da ake ba da tarihin wurin.

A yau, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin da ke titin Rose Hill, za ka ga dattawa 'yan asalin Pakistan sun jeru a kan benci suna hira, kamar yadda ake zaman majalisa a ƙofar gida, yara kuma suna zagaye wani mutum-mutumin aladen daji na tagulla da aka kafa a 2005 a madadin na asali, wanda bam ya lalata a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A kan ɗaya daga cikin waɗannan bencina wani dattijo ya zaunar da ni ya yi mini bayanin yadda ake rajista da likitan unguwa, da makarantar da ta fi kusa da mu, ya ƙara da cewa, "Ɗana, kada ka bari hunturu ya kulle maka yara a ɗaki."

Shawarar tasa ta yi mini amfani, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma wanda ya kwana a wurin aiki yana iya yin kwanaki bai ga haskenta ba. Yanzu idan na tashi barci bayan aikin dare, nakan sa wa ƙaramar 'yarmu rigar sanyi mu zagaya lambun kafin azahar. Ta fara haɗa baƙaƙe, don haka a gindin duk itacen da ke da allon suna sai mun tsaya ta gwada karantawa, ni kuma in gyara mata inda na iya.