Abin da Lintar Taga Ta Koya Mini Game da Injin Huda

Lokacin da na sayi injin huda na farko, lambar wat da aka rubuta a jikin kwali kaɗai na duba, domin a zatona duk injin da lambarsa ta fi yawa shi ya fi iya aiki. Na yi wata biyu ina huda katako da shi cikin jin daɗi, har ranar da na tashi kafa ƙarfen labule a saman tagar ɗakin baƙi. Bakin injin ya ratsa filasta, sai ya tsaya cik. Na ƙara dannawa har tsininsa ya yi zafi ya koma shuɗi, amma ramin bai kai rabin inci ba.

Wani dattijon kafinta da ke unguwarmu ne ya duba wurin, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ce mini: “Ɗana, nan ai ba bulo ba ne, linta ce.” A saman kowace taga da ƙofa akwai kankare da aka zuba da tsakuwa da rodi, kuma injin da juyi kawai yake yi ba ya cin tsakuwa komai ƙarfinsa. Daga ranar na koyi fara duba abin da zan huda kafin in yi maganar injin da zan ɗauka.

Katako juyi yake so, tare da baki mai kaifi da hannu mai natsuwa. Injin batir mai bolt 12 ko 18 ya wadatar da yawancin aikin kafinta na gida, musamman idan yana da zoben da ke sakin ƙarfi da zarar sukuru ya zauna, don kada kansa ya nutse ya tsaga allo. Katako mai tauri irin maɗaci sai an fara yi masa ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru, kuma idan ana so bayan ramin ya fita da tsabta, sai a shimfiɗa guntun katako a ƙarƙashi.

Bango kuwa sai da bugu, kuma nan ne na fi daɗewa ban gane ba. Injin da ke da alamar guduma a gefensa yana da faya-fayai biyu masu haƙora da ke gogar juna, suna ba da ƙananan bugu dubbai a minti ɗaya, amma ƙarfin bugun ya dogara ne da yadda mai aiki ya danna. Wannan ya isa bulon siminti mai inci 6 ko 9. Kankaren linta, ginshiƙi ko rufin dakin na kankare kuwa aikin injin SDS ne, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975. A cikinsa fistin ne ke matsa iska ya doki gindin bakin, saboda haka bugunsa bai kai na wancan yawa ba amma ya fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba ya buƙatar a jingina masa ƙirji. Ramin da ya gagare ni rabin awa, injin SDS na dattijon nan ya gama shi kafin in gyara tsayuwa.

Bulon da ke wasu gidajenmu yashi ya yi masa yawa, kuma cikinsa rami ne. Idan aka kunna masa bugu tun farko sai ya farfashe ta ciki, fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin, ta kasa riƙe sukuru. Yanzu nakan fara da juyi kawai, sai bangon ya ƙi sannan in kunna guduma. A kan tayil ba na kunna ta ko kaɗan. Haka nan ba na huda daidai saman soket ko makunnin fitila, domin ta nan bututun waya ya saba bi.

Batun waya ko batir yanayin wutarmu ne ya yanke mini shi. Injin waya mai wat 600 zuwa 800 ya fi araha kuma ba ya gajiya, amma ranar da babu wuta sai an tayar da janareta saboda rami huɗu. Na batir yana aiki a kowane lokaci, sai dai zafin watan Afrilu yana rage wa batirin litiyam kwana, don haka ba na barinsa a mota ko a rana. A ganina mai gida da aikinsa bai wuce kanta, labule da gyaran kujera ba, injin batir mai bolt 18 da ke da guduma, wanda ke iya riƙe baki mai kaurin har milimita 13, ya ishe shi. Kankare kuma ya ari SDS na yini ɗaya.

Da na koma kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano sayen inji na biyu, na sa an kunna shi a gabana, na duba ko bakin yana rawa, na tambaya ko ana samun batirinsa da burushin motar da ke cikinsa a kasuwar. Ragowar kuɗin kuma na sayi bakunan huda bango na milimita 6, 8 da 10 masu tsinin kabaid, wani ƙarfe mai tauri sosai, da tabarau na kare ido daga ƙura.