Na'urar CD mai araha da fayafayan Baba

Bayan damina muna gyara ɗakin mahaifinmu a Ƙofar Marusa sai muka ci karo da wani akwatin ƙarfe cike da fayafayan CD, wasu na karatun Alƙur'ani da tafsiri, wasu kuma na kiɗan kalangu da kukuma. Baba ya ɗaga ɗaya ya duba ta baya, ya ce shi dai a nemo masa abin da zai kunna su, domin wayar da muka saya masa ba ta kwanta masa a rai ba. Dalilin da ya kai ni babbar kasuwar Katsina ke nan, inda na sayo wata 'yar ƙaramar na'ura mai araha, irin wadda ake buɗe murfinta ta sama, mai lasifika biyu a jikinta.

Abubuwan da ke cikinta ba su da yawa. Tana kunna faifan sauti na asali da wanda aka ɗura wa MP3, tana da rediyon FM da wurin soka filashi da ramin abin saurare na kunne mai milimita 3.5, tana kuma aiki da batir, wanda duk mazaunin garin nan ya san amfaninsa. Rimot ɗinta kuwa sai an tsaya daidai gabanta yake aiki, don haka tuni ya koma cikin akwatin.

Da na fara kunna ta, gaskiya raina bai yi daɗi ba. Muryar mai karatu ta fito sarai, har ana jin inda yake jan numfashi, amma da na sa faifan kalangu sai kiɗan ya fito siriri kamar ana buga gwangwani, kuma da na ƙara murya robar jikinta ta shiga rawa tana ƙara. Na ɗauka an sayar mini da gaibu. Washegari na jona ta da wata tsohuwar babbar lasifika ta ramin nan na kunne, sai ga nauyin gangar ya dawo, har da lanƙwasar da sauti yake yi idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata. Ashe faifan tana karanta shi daidai, ƙananan lasifikanta ne ba su da ƙarfin fitar da abin da ta karanto.

Wannan yana da dalili. Tun da kamfanonin Philips da Sony suka fitar da faifan CD a 1982, tsarinsa guda ne: sautin yana rubuce ne da lambobi, an auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma hasken leza ne yake bin layin daga tsakiyar faifan zuwa gefensa. Lambobin da na'ura mai tsada take karantowa su ne mai araha take karantowa, matuƙar faifan lafiya lau yake. Inda mai ƙera ta yake rage kuɗi shi ne bayan nan, wato wajen mayar da lambobin sauti, da ƙarfafa shi, da ita kanta lasifikar.

Akwai kuma laifin da ba nata ba. Faifan asali ba ya wuce minti 74 zuwa 80, saboda haka duk wanda ka ga an cusa masa tafsirin wata guda, to MP3 ne, an matse sautin. Wanda aka matse zuwa kilobit 128 a daƙiƙa (kilobit ma'aunin yawan bayanan sautin ne) ba zai yi daidai da na asali mai kilobit 1,411 ba, kuma da yawa daga cikin fayafayan Baba daga kaset aka kwafo su, da shuuu ɗin kaset ɗin da komai.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙura. Da hunturu ya shigo sai ta fara tsalle, wani lokaci ta yi ta juya faifai ta ƙi kama shi. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya buɗe murfin ya leƙa, ya ce, "Malam, ai idonta ne ya yi datti." Ya goge shi da ɗan auduga a hankali, ya kuma nuna mini cewa faifai daga tsakiya ake goge shi zuwa baki, ba a zagaye ba, domin ƙarzanen da ya bi layin karatu ya fi ɓarna. Wasu fayafayai uku na kwafi da suka daɗe cikin zafi dai ba su tashi ba har yau.

Yanzu tana kan teburin Baba, an rufe ta da wani tsohon rawani, babbar lasifikar kuma tana ƙarƙashin gado. Jiya bayan la'asar na same shi yana neman faifai na huɗu na wani tafsiri, ya ce in duba masa ko yana ɗakin Inna.