Injin iskar da na kafa a saman benenmu a Damagaram

Har yau in na hau saman benen nan na ga ramukan ƙusoshi takwas da suka rage a jikin siminti, sai raina ya ɓaci.

Bene ne hawa uku da mahaifinmu ya bar mana kusa da Kasuwar Dole, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ni ke kula da shi. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, 'yan haya suka taso ni gaba. Gazuwal ɗin gurup, wato man dizal na janareta, ya fi ƙarfin aljihuna. Muna da panno kaɗan, wato allunan samar da wuta daga hasken rana, amma dare ne matsalarmu. Sai na ce ai iska ba ta barci, kuma duk wanda ya yi hunturu a garin nan ya san yadda take kaɗowa daga arewa maso gabas har ta cika maka baki da ƙura.

Na sa aka kawo mini injin iska mai fukafukai uku. A jikin kwalinsa an rubuta wat 3000, ni kuwa na gaskata. Da batura da kuɗin aiki, sama da miliyan biyu na sefa suka tafi. Ban auna iskar ba ko da ta yini ɗaya.

Wata biyu yana ta juyawa, mutane na tsayawa a titi suna kallo, amma batura ba sa cika. Wani dattijon ma'aikacin lantarki ne ya hau da ƙaramin ma'aunin iska, ya karanta takardar injin, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan 3000 ɗin sai iska ta kai gudun mita 12 a daƙiƙa. Taka mita 4 ce." Ya zana mini lissafin da gawayi a jikin katanga. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka takwas. In ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin 27. Wato wat ɗari da 'yan kai nake samu, fanka biyu ke nan. Na daɗe tsaye gaban gawayin nan ban iya cewa uffan ba.

Ga shi kuma gajeren ƙarfe na ɗora shi a kai, dab da tankin ruwa. Iskar da ta daki bango birkicewa take yi, sai injin ya yi ta waige-waige yana neman inda za ta fito. Girgizarsa tana bin siminti har cikin ofishin ƙasansa. Mai ofishin, mutum mai kawaici, sai da ya kira ni ya ɗora hannuna a bango na ji yana rawa. Da hadarin farkon damina ya taso da guguwarsa, ƙusoshi biyu suka saki, rufin ya tsage, ruwa ya jiƙa masa takardu. Washegari na sa aka sauke shi.

Duk mai bene da ya tambaye ni yanzu, cewa nake ya kafa ma'auni a daidai tsayin da zai sa injin, ya rubuta abin da ya gani tun daga hunturu har bazara har damina, kafin ya fitar da ko dala. Ma'aunin nan bai kai kuɗin batir ɗaya ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Da na sani, panno da batura zan ƙara tun farko, kamar yadda na yi daga baya da bashin da har yanzu nake biya. Injin yana nan a ɗakin ajiya, an naɗe fukafukansa da buhu. Wani mai garka a wajen gari ya zo yana so ya saya don jan ruwa, na ce ya fara ɗaukar ma'aunin ya tafi da shi.