Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Muka Rufe Ruwa

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗaga ni zuwa shugabancin sashen da ya haɗa kula da kifi da namun daji. Abin da na fara tararwa a kan tebur shi ne rahoton ma'aikatanmu masu auna abin da kwale-kwale ke saukewa kowace safiya, wanda ya nuna cewa nauyin kamun bai ragu sosai ba, amma kifayen sai ƙara ƙanƙancewa suke yi. Duk wanda ya san ruwa ya san babu alamar da ta fi wannan tayar da hankali, domin tana nufin manyan sun ƙare, an koma kan waɗanda ba su kai ga yin ƙwai ba, kuma masunta sun riga sun koma ga taru mai ƙananan idanu.

A lokacin labarin Kanada bai daɗe ba. A 1992 gwamnatin ƙasar ta dakatar da kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'arsu, bayan an shafe shekaru ƙananan masunta suna kukan kifi na raguwa ba a saurare su ba. Wannan ne ya sa na ƙi rubuta dokar hana kamun kifi a lokacin hayayyafa ina zaune a ofis. Na bi matsugunan masunta ɗaya bayan ɗaya, na zauna da dattawansu, kuma su ne suka nuna mini ɓangarorin ruwa marasa zurfi inda karfasa ke haƙa gurbin ƙwai. Macen karfasa a bakinta take renon ƙwayayenta, saboda haka wanda ya kama ta a wannan lokaci ya kashe zuriya guda.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne tambayar da wani dattijo ya yi mini: «Ranka ya daɗe, idan an rufe ruwa, me iyalanmu za su ci?» Tambaya ce ta gaskiya, kuma jami'in da ba shi da amsarta bai cancanci ya sa hannu a kan doka ba. Muka daidaita a kan rufe wuraren hayayyafa kaɗai, sauran ruwan ya zauna a buɗe, su kuma suka ɗauki nauyin gadi da kansu.

Ba mu gama da wannan ba sai ga koken manoma a kan dorinar da ke shiga gonakinsu da dare, wanda zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.