Kilomita Huɗu na Fadama da Suka Cinye Mini Yini Guda

Har yanzu guntun ƙarfen da ke riƙe na'urar sauya giyar kekena yana cikin akwatin kayan gyarana a rabe gida biyu, kuma duk lokacin da idona ya faɗa kansa sai raina ya sosu. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, amma karyewarsa ce ta hana ni ganin matsirgar ruwan da na yi makonni ina tsara tafiya dominta, ta kuma sa na shafe sa'o'i ina tura keke a cikin kwarin da na je domin in tuƙa shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan iya kiran abin tsautsayi ba, domin mutum ya gargaɗe ni, keken da kansa ya gargaɗe ni, na yi kunnen uwar shegu da su duka.

Mu biyu ne, ni da wani abokina da muka daɗe muna bin hanyoyin burji da na tsakuwa tare. Zagayen da na zana a taswira kilomita 68 ne: mu tashi daga bakin wata tsohuwar gada ta dutse, mu haura ta gefen gabas na kwarin a kan hanyar da ke bin kafaɗar tudu, mu isa matsirgar da ke can saman kwarin inda wata ƙorama take faɗowa daga dutse kafin ta haɗu da kogin, sannan mu gangaro ta gefen yamma. An tafka ruwa kwana biyu kafin ranar, amma gari ya waye tangaran, hanyar kan tudu kuma ta bushe har 'yar ƙura tana tashi a bayan taya. Kilomita 25 na farko ba su da wani labari, domin tsakuwar ta kwanta sosai, iska tana bayanmu, ba mu yi ko faci ɗaya ba.

Wuri ɗaya muka tsaya muka daɗe, wata kwana inda tudun ya buɗe har ana hango kwarin gaba ɗaya. Daga nan mutum yana ganin yadda kogin yake lanƙwasa kamar maciji, yana cin gaɓa ta wajen kowace kwana har ta zama kamar bango, yana kuma zube yashi fari ta cikinta. Can gefe akwai wani tafki mai siffar jinjirin wata, wanda tsohuwar kwanar kogin ce da ya yanke ya bari lokacin da ya sami gajeriyar hanya, ga zalɓe biyu tsaye a bakinsa ba sa ko motsi. Na ɗauki hotuna da yawa a wurin. Da na duba su daga baya, sai na ga abin da idona ya gani amma hankalina bai ɗauka ba: tsakanin kogin da gindin tudun, ƙasa tana ƙyalli nan da can a cikin ciyawa. Ruwa ne kwance, kuma ta tsakiyarsa hanyar da zan zaɓa bayan rabin sa'a ta ratsa.

A mararrabar, hanya ta rabu biyu. Ta sama tana da hawa mai tsawo, kusan kilomita bakwai cike da duwatsu masu motsi a ƙarƙashin taya. Ta ƙasa kuwa kilomita huɗu ce a miƙe sambal ta cikin fadama, babu tudu ko ɗaya, kuma a fuskar wayata layukan biyu iri ɗaya ne. Muna tsaye muna shawara sai ga wani dattijo ya fito daga gonarsa, laka ta ɗaure a ƙafafunsa har idon sawu. Ya dubi kekunanmu, ya ce: "'Ya'yana, idan ta ƙasa za ku bi, ku bari sai nan da kwana uku. Samanta ne kawai ya bushe." Na ce masa: "Baba, ai tayoyin nan domin irin wannan hanyar aka yi su." Bai ja da ni ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya wuce abinsa. Abokina ya so mu bi ta sama, ni na dage, domin ina lissafin lokacin da za mu rage mu ƙara a bakin matsirgar.

Tayoyin nan da na yi tinƙaho da su sababbi ne, masu faɗin milimita 45, kuma iyakar abin da firam ɗin kekena zai iya ɗauka ke nan. Na saka su mako ɗaya kafin tafiyar, ina ganin faɗin taya shi ne maganin kowace irin hanya. A kan yashi da tsakuwa haka ne, domin taya mai faɗi tana ba mutum damar rage iska, ta kama ƙasa da kyau, ta kuma rage jijjiga. Abin da ban lissafa ba shi ne ratar da ta rage tsakanin tayar da firam, wadda da ƙyar ta kai milimita huɗu a kowane gefe. Abokina yana kan tayoyi masu faɗin milimita 38 a firam mai yalwa, har ɗan yatsa yana shiga tsakani.

Mita ɗari biyu na farko sun yi kamar za su gaskata ni. Ƙasar ta yi ɓawo a sama, har ta ɗan tsattsage kamar busasshiya. Daga nan ɓawon ya fara fashewa a ƙarƙashin taya, abin da ke ƙasansa kuwa yumɓu ne mai danƙo, ba caɓin ruwa ba. Bambancin yana da muhimmanci. Taɓo mai ruwa sosai yana da santsi, yana fantsama, amma ba ya zama a jikin taya. Yumɓun da ya fara shan iska bai gama bushewa ba shi ne bala'i, domin kowane juyi na taya yana ɗauko sabon shafi ya ɗora a kan na baya, tare da ciyawa da ƙananan tsakuwa da suke ƙara masa ƙarfi kamar tubali. Ina kallon tayar gaba tana kumbura, zanenta ya ɓace, ta koma kamar an naɗa mata bargo mai ruwan ƙasa, sannan lakar ta fara taruwa a ƙarƙashin fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, tana gugar tayar da wata ƙara mai kama da jan buhu a ƙasa.

A nan ne ainihin kuskuren yake, ba a mararraba ba. Zaɓen hanyar ƙasa ya jawo mini wahala, amma da na sauka a daidai wannan lokacin, da iyakar asarata ɓata lokaci. Feda ta yi nauyi, na ji a cinyoyina cewa wani abu yana riƙe tayar baya, kuma na san abin da hakan yake nufi. Abokina ya riga ya sauka, yana kira na daga baya. Sai na hango wani wuri mai ciyawa a gaba, bai fi mita talatin ba, na ce bari in ƙarasa can tukuna. Na sauya zuwa giya mai sauƙi, na miƙe tsaye a kan feda, na danna da dukkan ƙarfina. Laka ta riga ta cushe ƙananan ƙafafun nan biyu masu juyawa na na'urar sauya giya ta baya, sarƙa ta kasa wucewa ta cikinsu, don haka ƙarfin da na sa ya ja na'urar gaba ɗaya zuwa sama. Na ji ƙas, tayar baya ta tsaya cak. Da na waiwaya, na'urar tana lilo a jikin sarƙa, ta murɗe, ta kuma lanƙwasa sifoka biyu.

Ɗan ƙarfen da ya karye shi ne maƙalin da ke haɗa na'urar da firam. Da alminiyam mai laushi ake yinsa, kuma da gangan ake ƙera shi yadda zai lanƙwashe ko ya karye kafin firam ya lalace, saboda haka aikinsa ya yi. Matsalar ita ce siffarsa ta bambanta daga keke zuwa keke, iri-iri ne ba adadi, har sai da kamfanin kayan keke na SRAM ya fito da wani na bai-ɗaya a shekarar 2019 wanda sababbin kekuna da yawa suke amfani da shi yanzu. Na abokina ba zai shiga nawa ba ko da yana ɗauke da shi. Ni kuwa na cika jaka da tib biyu, famfo, kayan faci da alanki, duk domin tsoron faci, ban ɗauki abu ɗaya tilo da ba zan samu a wurin kowa ba, alhali nauyinsa bai kai na mabuɗin ɗaki biyu ba.

Mun fitar da kekunan a kafaɗa. Wanda bai taɓa ɗaukar keken da laka ta ɗaure ba, ba zai yarda da irin nauyin da yake yi ba, ga takalma su ma kowanne ya yi gammo a ƙasa. Mukan yi taku hamsin mu aje, mu kankare da kara, mu sake ɗauka. Kilomita ukun da suka rage sun ci mana fiye da sa'o'i biyu. Da muka fito kan tsakuwa, na cire na'urar, na yanke sarƙa na gajarta ta domin keken ya koma mai giya ɗaya. Dabarar tana aiki idan aka zaɓi haƙorin giya na baya da ya yi daidai da na gaba a layi, kuma sarƙar ta ɗaure daidai. Tawa ta yi sako-sako a haƙori ɗaya, ta yi tsauri a na kusa da shi, don haka duk inda hanya ta yi gargada sai ta yi tsalle. A shimfiɗe ina lallaɓawa, a hawa sai turi. Ƙarfe huɗu ta wuce lokacin da muka amince cewa kilomita tara da suka rage zuwa matsirgar ba za su yiwu ba idan muna son mu koma da hasken rana. Abokina bai ce mini ko kalma ɗaya ta zargi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce ya yi faɗa, domin yininsa na ɓata tare da nawa.

Daga baya na zauna na fahimci abin da dattijon ya sani ba tare da taswira ba. Idan kogi ya yi ambaliya, yana zube yashi da abubuwa masu nauyi a bakin gaɓa, domin nan ne gudun ruwan yake fara raguwa, har gaɓar ta ɗan yi tudu. Lallausar laka kuwa ruwa yana kai ta nesa, ta kwanta a can bayan fadama kusa da gindin tudu, inda ruwan da ke gangarowa daga sama ma yake taruwa. Ke nan wurin da ya fi nisa da kogi a cikin fadama shi ne sau da yawa ya fi daɗewa bai bushe ba, akasin abin da na zata. Taswira ma ba ta ɓoye mini ba. Yawancin manhajojin tsara hanya suna ɗauko bayanansu daga OpenStreetMap, wata taswirar intanet da jama'a suke haɗawa, inda ake rarraba hanyoyin gona mataki biyar, daga na ɗaya mai ƙwari zuwa na biyar mai taushi wanda ƙasa ce zalla ko ciyawa. Ni tsawo da hawa kawai na duba. Yanzu duk hanyar da ba ta da tudu ko kaɗan a gindin kwari, sai na tambayi kaina dalilin da ya sa ta miƙe haka, in kuma lissafa kwanakin da suka wuce tun ruwa na ƙarshe, har da wanda aka yi a saman kwarin ba inda nake kawai ba.

Na san ba ni kaɗai laka ta taɓa yi wa haka ba. A gasar tseren keke ta Unbound Gravel da ake yi a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, wadda aka fara a 2006 kuma shahararren tserenta ya kai mil 200, laka ta tare mahaya tun a farkon hanya a shekarar 2023, ƙwararru suka riƙa ɗaukar kekuna a kafaɗa, wasu kuma na'urar giyarsu ta tsinke kamar tawa. Shi ya sa masu zuwa can da yawa suke soke ɗan siririn katako irin na dama fenti a aljihu domin kankare taya. Sanin hakan bai rage mini haushi ba, domin su tsere suke yi kuma hanya aka zana musu, ni kuwa babu wanda yake kora ta, ga hanyar sama a buɗe.

Gyaran ya wuce maƙali. Na'urar giya ta tafi, sarƙa ta tafi, sifoka biyu, takalman birki da yashi ya cinye a yini ɗaya, sannan tsakuwar da ke cikin lakar ta goge fentin firam ta ciki har ƙarfe ya bayyana a daidai inda ratar nan ta milimita huɗu take. Na koma tayoyi masu faɗin milimita 40, na sayi maƙali biyu, na ɗaure ɗaya a ƙarƙashin sirdi tare da guntun katako. Idan feda ta yi nauyi a cikin laka yanzu, ƙafata tana ƙasa kafin in yi wani tunani, kuma ba na sauya giya sai na ga sarƙa da idona.

Bayan makonni uku muka koma, muka bi ta sama. Hawan ya ɗauke mu minti arba'in da biyar. Matsirgar tana cikin wani lungu na duwatsu masu gansakuka, ana jin rugugin ruwan tun kafin a gan shi, kuma feshinsa yana sanyaya fuska daga nesa, ko da yake ruwan ya ragu sosai, ana ganin alamar inda ya kai a jikin dutse lokacin da ƙoramar take cike, wato a makon da na rasa. A hanyar dawowa na tsaya a mararrabar, na gangara da ƙafa zuwa bakin fadamar. Ƙasar ta bushe ƙamas, sawun tayata yana nan ya daskare a cikinta, yana ƙara zurfi taku bayan taku har zuwa wurin da ya yanke, kusan mita talatin kafin ciyawar.