Saƙonnin da suka hana hanjina warkewa

Kafin a gane abin da ke damuna, na daɗe ina shan maganin atuni. Gudawa ce da jini da majina, ga murɗar ciki, ga jin bayan gida ko da babu abin da zai fito. Duk mai kemis ɗin da na kwatanta wa sai ya miƙo mini Flagyl, Inna kuwa ta haƙiƙance basir ne, ta yi ta aiko da jiƙe-jiƙe. Ban ga laifin kowa ba, domin a wajenmu mai gudawar jini galibi amiba ce ko wata ƙwayar cuta ta shige shi. Sai dai ni gwajin bayan gida bai nuna komai ba, ciwon kuma ya lafa ya dawo, har na rame, jinina ya yi ƙasa, tsayuwa gaban allo in koyar da darasi ɗaya ta zame mini aiki.

Da aka zura mini na'urar leƙa hanji, likita ya juyo da allon wajena. Daga dubura zuwa sama fatar cikin hanjin ta yi jawur, ta yi ɓurtsi-ɓurtsi, bakin na'urar na goga ta sai jini ya tsatso. Can gefen hagu, kusa da inda babban hanji ke lanƙwasa, sai jan ya yanke kamar an ja layi, lafiyayyar fata mai santsi ta bayyana, ana hango ƙananan jijiyoyin jini a cikinta. Ya ce, "Malam, ka ga yadda ya faro daga ƙasa ya hau ba tsallake? Wannan gyambon babban hanji ne, wanda muke kira alsaratib kolaitis. Ba ƙwayar da za mu kashe. Garkuwar jikinka ce ta tashi ta ƙi kwanciya."

Ni malamin bayoloji ne a sakandare, na sha zana fararen ƙwayoyin jini a allo, amma ban taɓa tsayawa na tambayi yadda suke jin labarin juna ba. Amsar ita ce wasu ƙananan sinadaran furotin da ake kira saitokin. Ƙwayar halitta ɗaya ta fitar da su, wata ta karɓa, ta canza aikinta. Babban hanji cike yake da bakteriya, abin da ya raba su da naman jiki majina ce da layi ɗaya tak na ƙwayoyin fata. A mai wannan ciwo majinar takan yi sirara, shingen ya yi rauni, bakteriya su taɓa inda bai kamata ba. Nan makrofaj, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, ke sakin saitokin masu suna TNF da IL-1 da IL-6. Wani mai suna IL-8 ya kirawo nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su cika ramukan fatar hanji har su yi ruwa. IL-23 kuma ya riƙe ƙwayoyin T na garkuwar jiki a tsaye, su ma su ƙara sakin nasu. TNF da kansa yana kashe ƙwayoyin fatar hanji, yana kwance ɗaurin da ke tsakaninsu, shingen ya ƙara buɗewa, wasu bakteriyar su ƙara shiga. Kamar a yi ihun ɓarawo ne a unguwa, kowa ya fito da gora, a yi ta duka har a rushe katangar gidan da ake karewa, rushewar kuma ta jawo sabon ihu.

Fahimtar wannan ta warware mini abubuwan da na ɗauka ba su da alaƙa da juna. IL-6 ba ya tsayawa a hanji, yana bin jini zuwa hanta, ya sa ta ƙera CRP, furotin mai nuna kumburi, lambar nan da likita ke fara dubawa a takardar gwajina. Shi ne kuma ke sa hanta ta fitar da hefsidin, wanda ke hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe. Shi ya sa na yi ta haɗiyar ƙwayar ƙarin jini ba tare da jinin ya hau ba, sai da aka ba ni ta jijiya. Kasala da zazzaɓin yamma da rashin son abinci, duk da hannun waɗannan saƙonni a ciki.

An fara ni da mesalazin, na sha da na matsawa ta dubura. Da ciwon ya fi ƙarfinsa aka haɗa da firednisolon. Wannan magani yana rufe bakin saitokin masu yawa a lokaci guda, shi ya sa yake aiki da sauri, kuma tun 1955 Truelove da Witts suka nuna a Ingila cewa dangin kotizon na ceton masu wannan ciwo. Amma na ga kuɗin da ake biya da jiki. Fuskata ta kumbura, barci ya ƙaurace mini, sukari ya fara hawa, kuma da an soma rage shi sai jinin ya dawo. Ina jin zafi idan na ga masu irin ciwona suna sayensa a kemis suna sha wata da watanni don yana ba su sauƙi. Magani ne na kwantar da tashin ciwo, ba na zama da shi ba, yana cin ƙashi a ɓoye.

Daga nan aka zo maganar infiliksimab, wanda ke kama TNF shi kaɗai ya hana shi isar da saƙo. Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2005. Na ɗauka da mun haɗa kuɗi, ni da 'yan'uwana, sai a ɗaura. Likita ya ce a'a, sai an yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B. Na ce, "Likita, ni da ban taɓa yin tari ba?" Ya ce mutane da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da ƙwayar tibi, wato tarin fuka, a kwance, jiki ya kewaye ta da ƙwayoyin garkuwa ya tsare, kuma TNF ne ke riƙe da wannan tsaro. Idan aka toshe shi, tana iya kuɓucewa ta bazu har wajen huhu. Gwajina ya nuna ina ɗauke da ita, sai da na fara shan isoniyazid, maganin tibi, na wani lokaci kafin a taɓa ni da allurar.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Sinadarin da ke cin hanjina shi ne ke gadin huhuna, kuma da na ci gaba da karatu na ga ba shi kaɗai ba ne mai fuska biyu. IL-17 yana da hannu a kumburi, amma da aka gwada toshe shi a masu ciwon Crohn, ɗan'uwan ciwona, wasu ƙara taɓarɓarewa suka yi, don yana taimakawa wajen riƙe shingen hanji. IL-13 an daɗe ana zarginsa da zama jigon wannan ciwo, amma magungunan da aka yi don toshe shi ba su yi abin da aka sa rai ba. IL-22 yana gyaran fatar hanji. IL-10 shi ne mai cewa a tsaya: a 1993 an nuna ɓerayen da aka cire wa shi suna kamuwa da kumburin hanji, a 2009 kuma aka gano jarirai masu matsanancin ciwon hanji waɗanda jikinsu ba ya iya karɓar saƙonsa. Saboda haka idan mai tallar magani ya ce mini yana da abin "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", nakan gaya masa tawa garkuwar ba ƙarfi ta rasa ba, tsayawa ta kasa.

Allurar kanta ƙarin ruwa ce, ana auna ta da nauyin jiki, miligiram 5 ga kowane kilo. Ana yin ta farko, a sake bayan mako 2, sannan a mako na 6, daga nan duk mako 8. Mutum yana zaune kusan awa biyu, nas tana zuwa tana auna hawan jini da zafin jiki, tana tambayar ko ana jin ƙaiƙayi ko nauyin ƙirji. Maman yara ce ta fara lura da sauyin, ta ce kwana biyu ba ta jin motsin buta da tsakar dare. An haɗa mini da azatiyofirin, mai rage kaifin garkuwar jiki, domin jiki yakan ɗauki infiliksimab a matsayin baƙo ya ƙera abin da zai lalata shi.

Na kuma koyi cewa jin daɗin jiki ba shaida ba ce. Akwai lokacin da nake ji garau, na koma aji, ina cin tuwona, amma gwajin kalforotektin, wani furotin da nutrofil ke bari a bayan gida, ya nuna har yanzu suna kwarara cikin hanjin. Tun daga nan nake kallon takardar gwaji da muhimmanci daidai da yadda nake ji. Na daina taɓa diklofenak da ibufurofen ko da ciwon baya ya matsa, don suna iya tayar da ciwon.

A 'yan watannin nan jinin ya fara leƙowa kafin lokacin allura ya cika. Likita ya ce a auna yawan maganin da ya rage a jinina dab da allura ta gaba. Idan ya yi ƙasa, ko dai jiki na lalata shi ko yana zubewa ta gyambon, sai a ƙara yawansa ko a matso da lokaci. Idan kuwa yana nan isasshe amma kumburin bai tsaya ba, to ba TNF ke jan ragamar ba yanzu, sai a sauya hanya. Akwai ustekinumab mai toshe IL-12 da IL-23, akwai bedolizumab mai hana fararen ƙwayoyin jini shiga hanji, akwai tofasitinib mai datse saƙon saitokin da dama a cikin ƙwayar halitta, wanda aka amince da shi don wannan ciwo a 2018. Zuciyata ta fi karkata ga na ƙarshen, don ƙwaya ce ta haɗiya, ba ruwanta da firji a garin da wuta ba ta zama. Likita ya ce in yi haƙuri tukuna, yana da haɗarin daskarewar jini a jijiya da fesowar ƙuraje masu zafi da ƙwayar ƙarambau ke haddasawa, kuma sai ya tambayi tarihin ciwon zuciya a danginmu. An ɗebi jinin an aika Legas, muna jiran sakamako kafin allurar wata mai zuwa.